Rigar Barau a Tukunyar Daddawa

A zamanin da nake ba ku labari jirgin ƙasa bai iso Gagarawa ba, Turawa kuma ba su daɗe da kafa alamun iyaka a bayan Maigatari ba. A ƙauyenmu da ke gefen Sule Tankarkar mutane na da gero, suna da awaki, suna da lafiya daidai gwargwado, amma riga ta kirki guda ɗaya ce tak a garin, ita ce ta Barau. Kore ce, irin baƙar rigar nan da ake rinawa a sake rinawa, a barbaɗe ta da shuni, a buge ta a kan gungume har ta riƙa ƙyalli. Mahaifinsa ne ya sayo ta a Kano, ya sa ta iya sawarsa, ya rasu ya bar masa. Tun ranar da ta fito daga hannun mabuga, ruwa bai taɓa ta ba, don ba a wanke kore. In ka wanke, shuni ya tafi, ƙyalli ya tafi, sai ka tashi da tsumma mai faɗi.

Barau ba marowaci ba ne, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Duk wanda zai yi aure, ko raɗin suna, ko zai je gaishe da wani babba, daga nan har Gagarawa, sai ya zo da ɗan goronsa ya durƙusa a zaure. Barau ya shiga ɗaki, ya buɗe adudu, ya ɗauko ta a kan hannu biyu. Sharaɗinsa kada ta ga ruwa, kada ta daɗe a rana, kada kuma a sha miya da ita a jiki. Wanda ya sa ta, shuni kan bi masa wuya da ƙirji da hannuwa, kuma ba ya gaggawar wankewa. Ango kan yi kwanaki yana yawo da shuɗin wuya don kowa ya san rigar Barau ta hau jikinsa. Masu cewa kayan aro ba ya rufe katara ba su ga wannan ba, don ita har ƙasa take ja.

Da la'asar in ya zauna a gindin durumin ƙofar gida, sai ya shiga lissafa wuraren da rigarsa ta je, ka ce ɗansa ne ya dawo daga fatauci. Ta kwana a Gumel, ta ci kasuwa a Maigatari, har Damagaram ta leƙa. Shi kansa mai rigar bai taɓa wuce Maigatari ba. In aka ce masa masu aro suna kukan ƙaiƙayi, sai ya ce to, wace riga ce ba ta da ƙwarƙwata? Yakan shimfiɗa ta a inuwa, ya bi ɗinki ya tsince waɗanda idonsa ya gani, ya ninke ya mayar. Idon kuwa ya fara tsufa.

Matarsa Hannatu daddawa take yi, daddawarta har daga Gumel ake aiko saye. Sun tsufa tare cikin rufin asiri da tsokanar juna. In ya ce gidan duk ya ɗauki warin kalwa, sai ta ce gara warin da ake miya da shi, da gumin angwayen ƙasar nan kaf da yake adanawa a adudu. Ya yi dariya har da tari, ita ma ta yi. Ɗansu na fari shi ne Ishaku, kakana wanda ya haifi mahaifina. To, kun san yadda ɗan fari yake a wajen mutanen da. Hannatu ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" take cewa, ko "yaron gidan nan". Ba ta yi masa magana a gaban mutane, ba ta tambayar ko ya ci, in ya yi tuntuɓe a gabanta sai ta kau da kai. Duk wata hidimarsa ƙanwar Barau ce ke yi, Safara'u, wadda ta yaye shi. Wanda bai san kunya irin ta da ba zai ce ba ta ƙaunarsa. Tana ƙaunarsa har cikin ɓargo, bakin faɗa ne kawai al'ada ba ta ba ta ba.

A shekarar da abin ya faru damina ta yi kyau, rumbuna suka cika, aure ya yi ta tashi ko'ina. Rigar Barau ba ta samun kwana biyu cikakku a adudu. Wani bafatake a Maigatari, Sajo, wanda bai daɗe da dawowa daga arewa da kayan kanwa ba, ya aro ta don sunan jikansa. Waɗanda suka je sun ce yana sanye da ita yana dafe kai, wai kansa na sarawa. Rigar ta dawo da goro, bayanta labarin rasuwarsa ya biyo. Aka ce kwana ya ƙare, aka yi masa addu'a. Daga nan sai Cindo, wani saurayi a Gagarawa, ya yi angwanci a cikinta. Lalle bai gama goge wa amarya daga hannu ba masassara ta kayar da shi, aikinta na farko a gidan miji ya zama fifita da dama kunu. Cindo ya tashi, amma ya rame ƙwarai, kunnensa ɗaya kuma ya daina ji sosai.

Babu wanda ya haɗa wannan da wancan. Ina dalili? Riga ta yi shekaru tana zaga gidajen mutane da alheri. Sallah ta zo, Barau ya sa abarsa kamar yadda yake yi kowace shekara, ya je idi, ya wuni yana zaga dangi, yana sosa ƙirji a ɓoye. Ransa fari tas, don an riga an sa ranar auren Ishaku da wata yarinya 'yar Gumel, Mariyamu, sai an gama kai amfanin gona gida. Duk inda ya zauna sai ya faɗa cewa rigar da ta yi wa 'ya'yan wasu hidima, bana ta zo kan ɗan gida.

Kasuwar Maigatari ba ta zagayo sau biyu ba bayan sallah, Barau ya kwanta. Ciwon kai ya fara kama shi, irin wanda ko taɓarya aka buga a maƙwabta sai ya yi nishi. Jiki ya ɗauki zafi, idanu suka yi ja. Wanzami ya zo ya yi masa ƙaho, liman ya aiko da rubutu, Safara'u ta jiƙa sassaƙen maɗaci ta ɗura masa yana tofarwa. Zazzaɓin ko gezau.

Wata safiya Hannatu ta kawo ruwan ɗumi a ƙwarya don ta goge masa jiki. Barau mutum ne mai hasken fata, kuma tun sallah bai yarda an wanke masa shunin wuyansa da kyau ba, saboda alfahari. Ta sa tsumma ta goga, ragowar shunin ya fita, ruwan ƙwarya ya yi shuɗi. Amma a ƙirjinsa, da haƙarƙari, da cikin damatsa, akwai wasu ɗige-ɗige masu duhu da suka ƙi fita. Ta ɗauko soso da sabulun salo ta gurza har ya yi ƙara. Suna nan. Ta danna da babban yatsa ta ɗaga, suna nan. Ta matso da shi bakin ƙofa inda haske yake, sai ta ga abin ba a kan fata yake ba, a ƙarƙashinta yake. Ta dubi ruwan ƙwarya, ta dubi ɗigon. Ta tuna uwar Cindo da ta zo sayen daddawa ta ce mata haka jikin ɗanta ya yi. Mata kuma sun ji daga bakin matar Sajo cewa shi ma haka.

Nan take Hannatu ta yanke hukunci a ranta: shunin rigar nan ya tsufa ya zama dafi, yana huda fata ya shiga jini.

Ba ta canka daidai ba. Ni ma da nake ba ku labarin na yi shekaru ina zaton haka ne, sai ranar da na ba 'yata Ummu, wadda ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Ta ajiye kofin da ke hannunta ta ce, "Baba, ba shuni ba ne, ƙwarƙwata ce." Ta ce alamun sun yi kama da na wata cuta da suke kira taifus, ba taifod ɗin da kowa ya sani ba. Wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, mai zama a hanjin ƙwarƙwatar tufafi. Ƙwarƙwata ta sha jinin mai ciwo ta kwaso ta, ta koma jikin mai lafiya tana cizo tana kashi a wurin. Cizon ba shi ke sa ciwon ba. Mutum ne da kansa, in ya ji ƙaiƙayi ya sosa, yake cusa kashin cikin ɗan raunin da farcensa. Ko ƙwarƙwatar ta mutu, busasshen kashinta da ya maƙale a ɗinki yakan daɗe yana riƙe da cutar.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne aikin da ƙwayar ke yi in ta shiga. Ummu ta ce kowace jijiyar jini, har wadda ta fi gashi siranta, cikinta a shafe yake da wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu rai, an jera su gefe da gefe ba ko tsaga, kamar yaɓen cikin rumbu. Su ke hana jini yoyo. Ita wannan ƙwayar cuta ba ta iya hayayyafa a fili cikin jini, sai ta sami ɗaki. Sai ta manne a jikin ɗaya daga cikin ƙwayoyin yaɓen nan, ta taɓa ta a daidai inda abin arziki ke taɓawa in ya zo. Mai ɗaki ta ɗauka baƙuwar kirki ce, ta naɗo fatarta ta lulluɓe ta, ta jawo ta ciki da kanta. Jiki yana da dabarar narkar da irin wannan baƙuwa a cikin 'yar jakar da aka shigo da ita, to amma kafin a kai ga haka ta fasa jakar ta fito tsakar ɗaki. Nan za ta zauna tana cin abincin mai gida, ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, a inda masu tsaron jini ba sa ganinta. Ran da ɗakin ya cika sai ya fashe, su watsu su kama maƙwabta. Yaɓe ya ɓantare nan, ya ɓantare can, jijiya ta kumbura, jini ya riƙa tsattsafowa ƙarƙashin fata. Ɗigon da Hannatu ta yi ta gurza ke nan, jinin mijinta ne. Irin wannan ɓarna tana faruwa a jijiyoyin cikin kai ma, shi ya sa ciwon kan da sambatu.

Sambatu kuwa Barau ya yi su. Ya kira mahaifinsa, ya yi cinikin raƙumi da wanda babu shi a ɗakin, amma abin da ya fi maimaitawa shi ne, "Ku ajiye wa yaron rigar. Kada a ba kowa aro, ta yaron ce." Duk lokacin da ya faɗa, Hannatu sai ta dubi adudun. Ga miji a kwance ba ta san ko zai tashi ba, ga abin da ya kayar da shi a ninke a adudu yana jiran ɗanta. Kuma ita ce mutum guda a garin da ba ta da ikon buɗe baki ta ce kada a sa masa.

Ta tari Safara'u a bayan rumbu, inda ba mai ji.

"Safara'u, rigar nan ce."

"Wace riga kuma?"

"Ta yayanki. Shuninta ne ya shiga jininsa. Ya shiga na Sajo, ya shiga na Cindo. Je ki dubi ƙirjinsa ki gani."

Safara'u ta riƙe haɓa. "Haba, matar Yaya! Rigar da Babanmu ya tsufa a cikinta? Ai da shuni na kisa, da marinan Kano sun ƙare. Da Buzu ko ɗaya bai rage a duniya ba, su da ke kwana su tashi a cikinsa."

Wannan kuwa gaskiya ce tsagwaronta. Hannatu ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni dai na ce kada a ƙara sa wa kowa."

"Kowa wa? Wa ya rage zai sa in ba ɗana ba?" Safara'u ta tsaya, ta dube ta, murmushi ya fara zuwa mata. "Au! Yau kuma ke ce da bakin magana a kan ɗan fari? Bari in tara mata su zo su ji."

Hannatu ta ja gefen zane ta rufe fuska. Safara'u ta ga kafaɗunta na rawa, sai ta daina dariyar. Ba muguwa ba ce, bakinta ne ya fi ta sauri. Da yamma, da zazzaɓin ya ɗan lafa har Barau ya gane mutane, ta zauna kusa da shi ta ce, "Yaya, ko a nemo wa Ishaku wata rigar? Wannan ta sha hannu bana." Barau ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "A cikinta na yi aure. Ɗana ba zai je Gumel da taguwa ba. Ko na mutu ku sa masa, na faɗa muku." Safara'u ta fito ta watsa hannu. Magana ta zama wasiyya, ba mai iya taɓa ta.

Washegari da hantsi Ishaku da samari suka tafi gona ɗaukar dawa, Safara'u ta koma gidanta ta ɗora abinci. Hannatu ta kankare babbar tukunyar da take dafa kalwa, ta cika ta da ruwa, ta zuba toka da sabulun salo, ta haɗa wuta da itace mai kyau. Ta shiga ɗaki. Barau na barci, baki buɗe. Ta jawo adudun a hankali ta fito da shi.

Tun da aka kawo ta gidan nan tana yarinya ba ta taɓa ɗaukar rigar nan ba sai da izini. Ta daɗe a tsaye da ita a hannu, tana jin nauyinta, rana na wasa a kan ƙyallin. Ta san abin da za ta yi ba ya gyaruwa, ta kuma san abin da ya fi so ke nan a duniya bayan 'ya'yansa. Tsoro ya kama ta sosai. Ta yi bisimilla ta tura ta cikin ruwan da ke tafasa, ta danna da muciya.

Ruwa ya yi baƙi ƙirin. Ta bar shi ya yi ta ɓararraka, ta tsiyaye a bayan gida, ta sake cikawa. Wasu 'yan abubuwa kamar ɓawon riɗi suka taso saman ruwan, ta kwashe da ludayi ta watsar ba tare da ta ko duba ba, don ita ba su ne a gabanta ba. Ta yi ta sake ruwa har ya fara fitowa da haske. Sai ta tuna ai shunin ya taɓa wasu abubuwan. Ta shiga ta tuɓe wa Barau taguwa da wando ta lulluɓe shi da sabon zanenta, ta kwaso gwadonsa, da hula, da zanen da take jinya da shi, duk abin da ta ga ɗigon shuɗi a jikinsa ta tura tukunya. Adudun ma ta kwarara masa tafasasshen ruwa ta kife a rana. Ƙasar bayan gida ta yi shuɗi, kaji suka yi ta yawo da shuɗin ƙafa. Dafin shuni take kora, ta kashe ƙwarƙwata da ƙwanta da duk abin da suka bari. Faɗuwa ta zo daidai da zama, ita ba ta sani ba har ta koma ga Allah.

Da rigar ta bushe a kan zana, Hannatu ta dube ta ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Ta koma wani launi toka-toka mai ɗan shuɗi, ta yi laushi, duk facin da shuni ke ɓoyewa ya fito fili. Ta ninke ta yadda ta ga yana ninkewa, ta mayar adudu, ta tura inda yake.

Dafa riga ba shi ya warkar da Barau ba, Ummu ta tabbatar mini da wannan. Jikinsa ne ya yi kokawarsa ya ci, kwanansa na gaba. Wata rana da azahar gumi ya karyo masa har ya jiƙa tabarma, ya yi barci mai nauyi, ya farka ya ce, "Wai babu tuwo a gidan nan ne, ko har an raba gadona?" Safara'u ta rangaɗa guɗa. Kwanakin da suka biyo baya masu daɗi ne. Yakan fito da sanda ya zauna a hantsi, Hannatu ta kawo masa kunun tsamiya, ya sha ya nemi ƙari. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, har Cindo ya zo daga Gagarawa, suka zauna su biyu suna gwada siraran ƙafafuwansu suna dariya. Ɗigon ƙirjinsa ya dusashe ya ɓace. Hannatu na murna, amma in ya dubi wajen adudu sai ta sami abin yi a waje.

Biki saura 'yan kwanaki, da safe, ya ce, "Hannatu, ɗauko mini adudu in duba ta."

Ta ɗauko, ta ajiye a gabansa, ta durƙusa. Ya buɗe. Ya daɗe bai sa hannu ba. Can ya ɗago ta, ya warware, ya juya gaba ya juya baya.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Malam."

"Don me?"

Amsar tana bakinta, amma amsar tana da suna a ciki, sunan da ba ta faɗa. Ta ce, "Datti ta yi."

"Datti," in ji shi. Ya kai wuyan rigar hancinsa, ya shaƙa, ya sake shaƙa. "Nan wurin gumin Baba ne. In na yi kewarsa nan nake sansanawa." Ya ninke ta, ya mayar, ya rufe.

Wannan Hannatu ba ta taɓa sani ba, duk shekarun nan. Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Bai zage ta ba, bai ɗaga murya ba. Tsokana ce kawai ta ɗauke daga gidan. In ta kawo abinci ya ci, ya ce an gode, kamar baƙo.

Safara'u ce ta yi faɗan a madadinsa. Ta shigo tana tafa hannu, ta ce an kashe musu uba sau biyu, ta ce a kai wa marina a Gumel ko za su rufa asiri. Barau ya ce lokaci ya ƙure, kuma shunin da za a sa ba na Baba ba ne. Safara'u ta juya kan Hannatu. "Duk a kan wata magana da ba ta da kai! Wai shuni ke shiga jini, wai kada a sa wa ɗan farinta. Har kuka ta yi mini a bayan rumbu!" Hannatu ta tashi ta shige madafa. Barau ya bi ta da ido har ta ɓace.

Ranar biki Ishaku ya sa rigar haka nan, don Barau ya ce ita ce rigar gidan ko ta koɗe. Shi angon ko a jikinsa. Yadda yake ɗokin Mariyamu, ko walki aka ɗaura masa zai tafi. A ƙofar gida dattawa suka yi ta kallon juna, har wani ya kasa haƙuri ya ce, "Barau, me ya sami rigar?" Ya ce, "Ruwa ta sha." "Wa ya ba ta?" Barau ya dube shi ya ce, "A gidana ta sha." Ba wanda ya ƙara tambaya. Aka yi biki lafiya, aka kawo amarya, aka ci aka sha. Abokan Ishaku suka yi ta yi masa tsiya, wai shi ne ango na farko a garin da ya fito da wuya fes kamar bai yi aure ba.

Hankalin Hannatu bai kwanta ba tukuna. Ta lura ciwon ba ya zuwa nan da nan, sai an manta sannan ya kayar da mutum. Wa ya sani ko ta bar sauran dafi a ɗinki? An kewaye wa ango da amarya sashensu da sabuwar zana a gefen gida, taku kaɗan daga turminta, amma ba ta da ikon leƙawa, ba ta da ikon tambaya. Sai kunne. Kowace safiya tana jiran ta ji gatarinsa, ko muryarsa yana kiran jaki, ko dariyar Mariyamu. Wata rana ya makara bai fito ba har rana ta ɗaga, Hannatu ta bar kalwa ta kama a wuta, abin da bai taɓa faruwa da ita ba. Ashe ba komai ba ne, sabon aure ne kawai.

Kasuwa ta zagayo, ta sake zagayowa, ta ƙara. Wata safiya tana daka a tsakar gida, Barau ya dawo daga wajen rijiya yana dogara sanda. Ya nemi kututture ya zauna, ya ba ta baya, ya fuskanci akuyar da ke ɗaure a turke.

"Ke akuya," in ji shi, da murya yadda duk gidan zai ji. "Yanzu na tsare wancan yaron a bakin rijiya. Na sa ya cire taguwa, wai in ga ko ta yage. Na duba ƙirji, na duba haƙarƙari, na ɗaga masa hannu na duba hamata, yana ta kallona kamar na zautu. Ko ɗigo babu. Lafiyarsa ƙalau, har ƙiba ya yi. In akwai wanda abin ya dama, sai ki faɗa masa."

Taɓarya ta tsaya a sama. Hannatu ta ce, "Wa ya tambaye ka, Malam?"

"Ni da akuya nake."

Ta ci gaba da daka. Dukan ya fara sauri, ya ɗauki wani salo. Can sai ta cilla taɓaryar sama, ta tafa, ta cafe, ta sake cillawa ta tafa sau biyu, turmi na amsawa har waje. Mariyamu ta leƙo ta kan zana don ta ga wace yarinya ce ta shigo gidan da lugude da safen nan, sai ta ga surukarta ce.